Kun Sa Ta Buɗe Baki, Sannan Kuka Ɗauke Mai Sauraronta

Zuwa ga Shugaban cibiyar kula da masu damuwar zuciya da ke Dutse.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya.

Yau wata goma sha tara rabona da gida. Ina Fatakwal ina tsaron shagon albasar wani. Maiɗakina tana Yalwawa, kuma saboda ita na rubuto.

Na farko. Bayan rasuwar 'yarmu ta daina barci, ta daina cin abinci, ƙanina ya kawo ta wurinku. Aka ce ba allura ba ƙwaya. Za ta riƙa zama da malama ɗaya duk Talata, minti hamsin, tana faɗin duk abin da ya zo mata a rai, har a gano tushen ciwon tun daga yarinta. Na tambaya ta waya tsawon lokacin da za a ɗauka, ma'aikacinku ya ce 'yan makonni ne. Sai a wata na uku malamar da kanta ta gaya mata irin wannan aiki yakan ci shekara, wani ma ya wuce. Me ya hana ku faɗa tun ranar farko?

Na biyu. Ba zan zalunci malamar ba, ta iya aikinta. Matata 'yar riƙo ce. Tana shekara biyar aka ɗauke ta aka kai ta Taura wurin gwaggonta. Shekara goma sha ɗaya muna tare, ban taɓa jin abin da ta gani a gidan nan ba, don a wurinmu ba a kai ƙarar iyaye. Wata bakwai malamar tana haƙuri da shirunta kafin matata ta yi magana. Daga nan ta fara barci, har ta koma suyar awara.

Na uku. Mako uku bayan haka ta je ta tarar kun mayar da malamar wani reshe. Ba sanarwa, ba sallama. Wani namiji ta samu a kujerar da sabon fayil, yana tambayar ta sunanta. Ta tashi ta fita. Yau mako shida ba ta koma ba, barcin kuma ya sake ƙaurace mata. Ku da kuka yi karatun kun fi ni sanin cewa sabo da mutum ɗaya shi ne maganin. Kuna sane kuka yi.

Roƙona biyu ne. Ku dawo mata da malamarta, ko ta waya ne. Sannan ku rubuta min gaskiyar watannin da suka rage.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare iyalinka daga irin wannan ciwo.

Abin da na iya tarawa naira dubu hamsin da biyu ne, kuɗin zama goma sha uku ke nan a wurinku. Ba ni da wani bayan shi.

Wassalam.

Wani ɗan Miga, daga Fatakwal.