Curin Inna Ya Ƙi Tashi

Phidim,
9 ga watan Satumba

Zuwa ga Yaya Harkamaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara a can Hong Kong. Ubangiji ya ƙara miki ƙarfin jiki, ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan muna nan kalau. Gwiwar Baba ta yi sauƙi, har yana sauka gonar tamba da sandarsa. Akuyar nan baƙa ta haifi biyu.

Yaya, na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Marcar Inna ta mutu, wato curin nan da take barbaɗawa a kan tamba don giya ta tashi. Kin san saura wata biyu ta cika shekara da rasuwa, kuma Baba ya ce ba za a zuba mata giyar kowa ba ranar addu'a sai irin tata. Curi shida ta bari a kwandon da ke rataye bisa murhu. Tun da kika aiko mana da murhun gas na daina hura itace, ban taɓa tunanin hayaƙin nan ne ke busar da su ba. Kada ki ɗora wa kanki laifi, don kin aiko ne saboda tarin da nake yi. Ni ce na wuce ƙarƙashin kwandon nan damina guda ban ɗaga kai ba. Da na sauke shi, biyar sun yi baƙi sun ruɓe, ɗaya ne kawai ya rage da farinsa. Da na sani ƙeya ce.

Na je wurin Tanka, ɗan Kawu Lal, tunda ya yi aiki a kamfanin giya a Dharan. Ya ce kada in kuskura in barbaɗa curin da ya rage a kan dafaffiyar tamba, ba shi da ƙarfi. Wai abin da ke cikin curin nan mai rai ne, kuma sai ya shaƙi iska kafin ya hayayyafa. Ya tafasa ruwa da sukari, ya bari ya huce, ya zuba rabin kwalba, ya marmasa curin a ciki, ya rufe bakin da tsabtataccen ƙyalle. Ya ce in riƙa girgizawa duk bayan awa guda har ya yi kumfa. Haka na yi ta yi, da kwalbar nake zuwa ko'ina, ina ɗumama ta cikin mayafi. Mijina Birkha yana ta tsokanata wai ko ɗanmu na fari bai ga irin wannan reno ba, a sanar da shi ranar suna. Na yi dariya.

A rana ta uku na ga ƙananan ƙwayoyin iska suna hawa. Na ruga na nuna wa Baba. Ya kanga kunnensa a bakin kwalbar, ya daɗe, sannan ya ce yana jin ta tana magana. Kashegari da safe sai ga kore-kore a saman ruwan, da wani wari kamar ruɓaɓɓen kabewa. Tanka ya sunsuna ya girgiza kai, ya ce ba marcar ba ce ta tashi, ruɓa ce ta riga ta. Baba ya karɓi kwalbar da kansa ya zubar a gindin lemo. A nan ya gaya mini cewa a cikin kayan aurenta Inna ta zo da irin nan daga gidan kakarmu, kuma shekara arba'in da bakwai kowane sabon curi da garin tsoho take barbaɗe shi, bai taɓa yankewa ba.

Na sayo marca ta kasuwa na haɗa giya da ita. Jiya na ɗebo wa Baba tambar da ta nuna, na zuba ruwan zafi a kanta, na miƙa masa da tsinken gora. Ya zuƙa sau ɗaya, ya ce ta yi daɗi, ya gode. Yana zaune har ruwan ya huce, bai ƙara taɓawa ba.

Ga roƙona. Ranar da za ki tafi, na ga Inna ta ƙulla miki curi biyu a jan ƙyalle ta cusa a akwatinki. Shekara uku ke nan, na sani. Ki duba, ko gutsure ne ya rage ki ba wa duk mai zuwa gida. Idan kuma kin jefar, ki rubuto mini ni kaɗai. Baba bai san na gani ba, kuma ba zan gaya masa ba sai na ji daga gare ki.

Ki gaida maigidanki Dhan Bahadur, da yara, Numa da Semi. Kawu Lal da Tanka da Birkha suna gaishe ki. Baba ya ce ki riƙa cin abinci.

Ƙanwarki,
Sukmati