Keken da Baba Bai Ji Ba

Jega Magaji

Zuwa ga Yayata Zulai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya jikin naki da nauyi? Ya Malam Abdulƙadir da yara, ya mutanen Liba? Mu nan lafiya lau. Inna na gaishe ki, ta ce ki rage zuwa rijiya.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Kunnen Baba ne dalili. Tun da idonsa ya tafi babu abin da ke wuce shi a gidan nan. Ko bayan rumbu na ɓuya na kira ki, ina dawowa zai tambaye ni me ya sa na ce miki kaza. Takarda ce kaɗai ba ya ji. Zan riƙa ba Hafizu direba ranar kasuwa ya sauke miki.

Labarin da ke akwai shi ne tsadar mai ta raba mu da mashin. Yaya Murtala ya sayar da nasa ya sayo keke mai caji, ni ma na bi sahu, kuma tun ranar gidanmu bai huta da gardama ba. Nasa ƙato ne mai faɗin taya, ba ruwansa da feda, murɗa hannu kawai za ka yi ya tashi. Da shi yake zuwa Aliero sayen albasa ya dawo bai nemi wuta ba. Amma batirinsa ba ya fita, sai an turo shi duka cikin zaure, kuma ranar da cajin ya ƙare a hanya tura shi daidai yake da tura jaki mai taurin kai. Nawa ɗan siriri ne, yashi kaɗan ke kayar da shi, yara a makarantar da nake koyarwa suna kiransa sauro. To amma ina cire batirin in rataya kamar buta in kai shagon mai sola, in ya mutu kuwa in taka feda in iso gida da mutuncina. Yaya ya ce nawa keken 'yan mata ne. Na ce nasa sai mai ƙarfin dambe. Abu ɗaya muka yarda da shi mu biyu, muna kuma alfahari da shi: babu hayaƙi, babu ƙara.

Wannan rashin ƙarar ne ya sa na ɗauki biro. Kin san Baba da kansa yake zuwa masallaci ya kira salla sau biyar, daga shi sai sandarsa, kuma kin san rantsuwarsa cewa ba za a taɓa ja masa sanda ba yana da rai. Kin kuma san al'adar lungunmu. Ba a yi wa Baba ham, rashin kunya ne. Duk mai mashin in ya zo kwanar gidan Labbo sai ya kama kuloci ya ba da wuta sau biyu, Baba ya ji ya tsaya jikin bango, har ya gaishe shi da sunansa don ya san muryar kowane inji. In bai ji komai ba, ya tsallaka. A haka muka tashi.

Shekaranjiya muna cin tuwo Baba ya ce lungun nan ya yi shiru, yanzu sai ya ji sallamar Murtala a kansa bai ji zuwansa ba. Yaya ya yi dariya ya ce ai ci gaba ke nan. Baba bai yi dariya ba. Ni dai tuwon bai ƙara yi mini daɗi ba, kuma ban san dalili ba.

Allah Ya sauke ki lafiya. Ki gaishe da kowa.

Ƙanenki,
Sirajo


Jega Magaji

Yaya Zulai,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da jaririya. Barka da arziki, Allah Ya raya Raihana. Ki yafe mana rashin zuwa suna, kin san halin da muke ciki.

A waya an gaya miki wani mai keke ya buge Baba ya karya masa ƙwauri. Gaskiya ne, amma ba duka ba ce. Ina roƙon ki karanta wannan ke kaɗai, kuma kada ki ce za ki taso da ɗanyen jego.

Yaya Murtala ne.

Lokacin Azahar ne, yana dawowa daga Aliero da rabin buhun albasa a baya. Da ya iso kwanar gidan Labbo ya hango Baba ya tsaya yana saurare kamar kullum. Sai hannunsa ya yi abin da ya saba yi tun yana saurayi, ya murɗa don ya ba da wuta Baba ya ji. Yaya Zulai, wannan keken ba shi da kuloci. In ka murɗa ba ya kuka, zabura yake yi. Baba kuwa bai ji komai ba, ya sa ƙafa. Ladabin da Yaya ya yi niyyar yi wa mahaifinsa shi ne ya jefa shi kansa.

Babu kowa a lungun sai Labbo da ya fito alwala. Yaya ya ɗaga Baba daga ƙasa bakinsa ya ƙi buɗewa, ko sannu bai iya cewa ba. Labbo ne ya yi ta magana, shi ne kuma da mutane suka taru ya ce wani baƙo ne ya tsere. Ya tura keken cikin gidansa kafin a lura. Ya ce ya yi haka ne don kada a riƙa nuna Murtala da yatsa a Jega har ya mutu. Inna ta sani, ni na sani, yanzu ke. Baba bai tambaya ba.

Na yi fushi da Yaya kwana biyu, sannan na rasa inda zan ajiye fushin. Da ni ne na zo kwanar da nawa, wa ya sani? Mu biyu muka yi ta cika baki da shirun nan. Yanzu Yaya ba ya cin abinci sai an matsa masa, ya rame kamar wanda ya yi jinya. Ya so ya faɗa wa Baba, Inna ta hana, ta ce a bari ƙashi ya kama tukuna.

Abin da ya fi cin raina shi ne kiran salla. Isa mai shayi ne ke yi yanzu. Ranar farko da muryarsa ta fito a lasifika Baba ya juya fuska bango. Can ya ce Isa na gaggawa, amma ba komai, aro ne, kwana kaɗan zai karɓi abinsa. Gobe za mu kai shi Aliero wurin mai ɗori.

Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Sirajo


Aliero

Yayata,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya wanka, ya Raihana? Saƙonki na man shanu ya iso, mai ɗorin ya ce irinsa yake so don shafawa. Mun gode, Allah Ya saka.

Ƙafa tana kamawa. An kwance karan ɗorin an sake ɗaurewa, mai ɗorin ya ce ga tsoho irin Baba abin ya zo da sauƙi. Muna wani ɗaki a gidansa tare da masu karaya daga ko'ina, har da mutanen Nijar. Yaya Murtala ne ke kwana da Baba, shi ke ɗaga shi, shi ke yi masa alwala. Ni kuma in na tashi daga makaranta in ɗauko abincin Inna in kawo. Kin ga sauron da ake yi wa dariya shi ke aikin yanzu. Rabin hanya batir, rabi feda, ina isowa jiƙe da gumi. Ƙaton na Yaya yana gidan Labbo an rufe shi da tabarma. Yaya ya ce in sayar da shi ko nawa aka taya, na ce sayarwa ba za ta rage komai ba, wani ne zai hau shi a cikin garin nan. Gardamar wane ya fi ta mutu, ba wanda ya sake tayar da ita.

Masu zuwa dubiya daga Jega kowa sai ya tsine wa baƙon da ya gudu, Yaya na zaune kansa a ƙasa. Jiya Baba ya tsawata musu. Ya ce kada wanda ya sake zagin yaron nan a gabansa, shi ya yafe tun yana kwance a ƙasa. Yaya ya tashi ya fita, na same shi bayan gida yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Amma ba ƙafar ce ke ba ni tsoro ba. Ɗakin yana bakin hanya, kuma kekunan nan sun yi yawa a Aliero, ɗalibai da 'yan kasuwa duk su suke hawa. Baba yini yake kwance yana kasa kunne. Ya sa ni in riƙa gaya masa duk lokacin da ɗaya ya wuce, wai yana so ya koyi muryarsu. Na yi ta faɗa. Wani lokaci ya ce ya ji ɗan motsin taya, amma sai bayan ya gifta. Da La'asar ta yi ya ce in bari haka nan, na gaji. Ba ni ne na gaji ba, Yaya Zulai. Tunda nake ban taɓa ganin tsoro a fuskar Baba ba sai ranar.

Duk da haka kullum sai ya tambayi ko Isa ya gyara jan muryarsa, ya ce a gaya masa kada ya saba da wurin.

Ki gaishe da Malam Abdulƙadir, mun ga ƙoƙarinsa.

Ƙanenki,
Sirajo


Jega Magaji

Zuwa ga Yaya Zulai,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya, ke da maigidanki da yara. Inna ta ce in kin yi arba'in ki zo ki kwana biyu, tana marmarin ganin takwararta.

Mun dawo gida, Baba yana takawa, ɗan ɗingishi ne kawai ya rage. An gaya miki a waya ya koma masallaci, na ji kina ta hamdala. Bari in gaya miki yadda ya koma.

Kafin mu dawo Yaya ya shiga kasuwa ya sayo ƙananan ƙararrawa irin na wuyan tumaki, ya bi gida gida yana roƙon duk mai keken caji a unguwa ya ɗaura. Babu wanda ya ƙi. Ni har gwangwani na ƙara da tsakuwa a ciki, in na taho kamar mai tallar goro da rawa. Baba ya yi murmushi ya ce yanzu ya san sauro. Na ɗauka shi ke nan mun gyara.

Ranar da ya ce zai fita ta faɗo ranar kasuwa. Ya yi wanka, ya sa farar rigarsa, ya hana kowa bin sa. Muka tsaya a zaure muna leƙe, ni da Yaya. Ya bi bango yadda ya saba har kwanar gidan Labbo, ya tsaya. Lungun shiru. Ya daɗe yana saurare, ya ɗaga ƙafa ya mayar. Sai ga wani baƙo da ya ratso ta lungun don kauce wa cunkoso, a kan keke irin na Yaya, babu ƙararrawa babu komai. Bai taɓa shi ba, ko kusa. Iskarsa ce kawai ta ɗaga gefen rigar Baba.

Ya tsaya a wurin har Isa ya gaji da jira ya kira sallar. Sannan ya juyo yana lalube, mutumin da bai taɓa lalube a lungun nan ba. Ya shigo zaure ya zauna. Ya ce da can in ya ji shiru ya san babu kowa, yanzu shirun ma ba shi da amana. Ranar a ɗaki ya yi sallolinsa.

Washegari da Azahar ta kusa ya fito da sandarsa ya kira Murtala. Na ce ni zan raka shi. Ya ce a'a, Murtala yake so, don ya san hannunsa, shi ne hannun da ya ɗaga shi daga ƙasa ranar nan. Ya ce ɗa ba ya ɓoyuwa ga ubansa don ya yi shiru. Yaya ya durƙusa zai yi magana, Baba ya ce lokaci na tafiya. Sai ya juya sandar, ya miƙa masa ƙarshenta.

Haka suka fita, Yaya a gaba riƙe da bakin sanda, Baba a baya. Mutanen lungu suna ta fitowa suna barka, Malam ya fito, Malam ya warke. Ya kira sallar, muryarsa tana nan yadda kika san ta. Ni ban iya zuwa sahu ba sai da aka yi raka'a ɗaya, ina zaure ina share fuska.

Tun ranar haka ake yi sau biyar. Yaya ya bar zuwa Aliero, ya ba wani amanar sayen albasar. Keken nasa ya fito da shi daga gidan Labbo, yana jingine a zaure da ƙararrawarsa, ƙura ta rufe sirdin. Nawa ina hawa don ba ni da wani.

In kin zo za ki gan su sun nufi masallaci. Ina roƙon ki da Allah kada ki yi kuka a inda zai ji. Kin san kunnensa.

Wassalam.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Sirajo