Rufin Gidan su Ummi

Daren Talata, Dala

Barci ya ƙi zuwa. Ummi ce a raina, 'yar ƙaramar nan da ke zama a layin gaba a ajina.

Yau na buɗe musu littafin hotunan da muke koyon siffofi da shi. Akwai wani jan gida a ciki mai rufi da tsini. Na ce, "Rufin gida wace siffa ce?" Duk aji suka ce alwatika, yadda na koya musu. Sai Ummi ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, namu mai kusurwa huɗu ne."

Na ce ta dubi littafi da kyau. Ta duba, ta maimaita. Ga zafi, ga hedimasta yana leƙe ta taga. Na daka mata tsawa, na ce ta daina gardama. Yara suka kwashe da dariya. Har aka tashi ba ta ƙara ɗaga hannu ba.

Bayan la'asar Inna ta ce in hau saman soro in kwaso kuɓewar da ta shanya. Ina hawa na yi turus. A kan rufi mai kusurwa huɗu nake tsaye. Na maƙwabta ma haka. Tun ina yarinya nake hawa nan, amma na bi littafi na ƙaryata 'yar mutane.

Gobe zan ba ta haƙuri a gaban aji. To, in na ba ta, anya hannun nan zai sake tashi?