Kakana Ba Ya Takardar Liman, Ba Ya Ta Fasto

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Rabon Taki na unguwarmu, Jalingo.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya. Sunana Yakubu, walda nake yi a Mayo Gwoi. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina lura. Sau uku ina zuwa ofishinka ana ce min kana mitin, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. Da takin gwamnati ya zo, kun raba shi biyu, rabi Liman ya rubuta sunaye, rabi Fasto. Wai don kada a yi rigima. Na gane. To amma kakana da ya rene ni Mumuye ne, addinin iyayensa yake bi. Ba ya zuwa masallaci, ba ya zuwa coci. Wa zai rubuta shi?

Na biyu. Ni Musulmi ne. Limaminmu, Allah ya saka masa, ya ce in kawo sunan tsohon ya sa a takardarmu, ba mai bincike. Goggona ta ce Fastonsu ma ya yarda. Na kai wa tsoho labari ina murna. Ya ce da babana ya musulunta bai hana shi ba, da goggo ta shiga coci bai hana ta ba, to shi ma a bar masa nasa, ba zai ari addinin wani saboda buhu ɗaya ba. Wallahi kunya ta kama ni.

Na uku. Ranar zaɓe ni na goya shi a mashin ya dangwala, ba wanda ya tambaye shi inda yake ibada. Takin nan ba zakka ba ne, ba baikon coci ba ne. Na gwamnati ne, ita kuwa ta kowa ce.

Yanzu masararsa ta kai gwiwa, ganye ya fara rawaya. Ni ina da haƙuri, masara ba ta da shi. In aka ƙara sati biyu, ko an ba shi ba amfani, kuma abincinsa na shekara ke nan.

Roƙona, kada ku buɗe takarda ta uku. Ku rubuta manomi da gonarsa kawai. Ka turo mutum ko gobe, ni zan kai shi ya gani.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon yin adalci har ga wanda ba ya bin sahunka.

Wassalam.
Yakubu mai walda.