Kwamanda Ya Roƙi Ruwan Kakanninsa

Zuwa ga Yayana Epeli,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da matarka Mereoni da yara. Yaya ƙafar Inna?

Yaya, ƙasar nan ta yi dace da sabon Babban Kwamandan masu tsaron gaɓar teku. Na farko Bature ne, amai yake yi a jirgi. Na biyu ya ƙare aikinsa yana gyaran ofis. Amma Waisea namu ne, ɗan ɗiyar tsibirinmu, ga sauƙin kai. Jiya da kakinsa ya tsuguna gaban tiren kifina, ya ce, "Goggo Sala, har yanzu ke kike damfarar birnin nan?" Na ce, "Ɗana, ai ku manya ba ku bar mana wuri ba." Ya yi dariya har da tafi.

Sai kuma ya tambaye ni wane wata jan kifi ke taruwa ya zuba ƙwai a bakin duwatsun murjani na tekunmu, inda kuka hana kamun kifi tun rasuwar sarki. Mai korar jiragen ɓarayi, ina ruwansa da ƙwan kifi? Na ce na manta. Da zai tafi, mai kamfanin ƙanƙarar adana kifi ne ya buɗe masa mota.

An ce ran Asabar zai zo muku da ɗaurin saiwar kava ta gaisuwar sarki, ya roƙi a bar jirginsa ya yi gadin wurin, ku kuma ku janye kwalekwalenku na gadi. Na san ɗan ɗiya ba a hana shi abin gidan kawunsa. Amma kai ne mai magana da yawun sabon sarki. Sai ka ɗora hannu a kan saiwar nan magana ta ɗauru. Ka yi tari, ka yi ciwon ciki, ka ce a jira dattawa. Wurin nan shi ne abincin yaranmu na baɗi.

Ƙanwarka,
Salanieta

Zuwa ga Yayana Epeli,

Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya, saƙonka ya iso. Ka ce Kwamanda ya cire takalmi da hula, ya shigo da rarrafe, ya kira sunan kakarmu har tsofaffi suka yi hawaye. Ka ce hannunka da kansa ya tafi. Ban zarge ka ba. Ni ma da ina kan tabarmar, ban san me nawa zai yi ba.

To ga labarin kasuwa. Tun makon jiya jan kifi ya cika rumfar kamfanin ƙanƙarar nan, manya-manya, ciki fal ƙwai. Na tambayi mai rumfar, ya ce, "Daga can nesa, uwar tsegumi." Na saya na dafa. Na ci ina tuna gida.

Wataƙila zuciyata ce mai mugun zato. A rediyo ma yabonsa ake yi, wai tun da ya hau ba a ga jirgin ɓarawo ko ɗaya ba.

Ka gaida Inna, kada ka karanta mata wannan.

Taka,
Salanieta

Af, na manta. Ka ce tun da aka fara gadin, ba wanda ya ga an taɓa ruwan. A cikinku, wa aka bari ya je ya duba?