Saitin Da Ya Tona Asirin Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma bin mutane ɗaki ɗaki tana faɗa, ka san kuwa alamar lafiyarta ke nan. Jaririyata ta fara zama, kowa ya gan ta sai ya ce goshinka ta ɗebo, Allah sarki. Baba ne dai ba yadda ka bar shi ba. Shi ya sa na rubuto, don in a waya ne kuka zai ci ƙarfina ban gama ba.

Ka san larurar mafitsara da yake ɓoyewa, wadda daga ni sai kai sai Inna muka sani. Ni na lallashe shi ya je asibitin da kamfaninmu yake kula wa da rumbun bayanai. Ya tambaye ni ko wani zai iya ganin abin da likita ya rubuta, na dafa ƙirji na ce babu, don da hannuna na haɗa hanyar. Bari in yi maka bayani, kada ka fara hamma. Kowace kwamfuta a asibitin, kafin ta aika ko harafi ɗaya, sai ta tambayi rumbun ko zai yi magana a rufe. In ya amsa, sai ya nuna takardar shaidarsa, ta duba sunan da ke ciki da ranar ƙarewarta, sannan su yarda da mabuɗi ɗaya su kulle duk abin da zai wuce tsakaninsu. Na sa saitin a kan dole: in ba shaida, in ba rufi, to ba magana.

Ina hutun haihuwa takardar shaidar ta ƙare, bayan bakina ya gaji da tuna wa manajanmu ya sa a sabunta ta. Na-Iya muke kiransa a bayan idonsa, don bai taɓa jin abu ya ce bai sani ba. Kwamfutoci suka ƙi haɗuwa, layi ya yi tsawo, shugabar asibiti tana ta kira. Maimakon ya ɗaga waya ya neme ni, sai ya hau kujerata ya juya saitin daga dole zuwa in ya samu. Wato kwamfuta ta nemi rufi, in an ce babu, ta ci gaba a buɗe ba tare da ta ce wa kowa uffan ba. Nan take komai ya tashi, aka yi ta yaba masa. Daga baya ya sabunta shaidar, amma bai mayar da saitin ba, bai kuma faɗa wa kowa ba. Kwamfutar teburin karɓar marasa lafiya kuwa a kan wayfai ɗin falon jira take. Wani mara tsoron Allah ya zauna cikin masu jira da tasa a cinya, ya shiga tsakani, yana amsawa da sunan rumbun cewa shi ba ya rufi. Ita kuwa ta zazzage masa komai, suna da lambar waya da cuta. Daga hannunsa bayanan suka kai ga masu tallan magani.

Ka san kunnen Baba ya yi nauyi, kullum a lasifika yake sa waya. Yana shago, abokansa sun cika benci, wani mai tallan magani ya kira shi da cikakken sunansa, ya ce yana da abin da zai hana shi jiƙa wando, ya huta da ƙunzugu. Yaya, ba wanda ya yi dariya, kowa ƙasa ya kalla, wannan ne ya fi ƙona shi. Ya rufe shagon ya dawo gida, tun ranar bai leƙa waje ba. Ya ce ƙafarsa ba za ta sake taka asibitin ba, ga aikin da za a yi masa ya matso, likita kuma ya ce in aka ja lokaci abin zai taɓa ƙoda.

Ina cikin wannan baƙin ciki na ji Na-Iya ya faɗa wa shugabannin asibiti wai ni mai jego ni ce na tafi na bar aiki a warware, shi ya gyara, yanzu hanya lafiya lau take. Wallahi sai da na ji jinina yana tafasa. Na san shi ma yana ganin likita a can, ta ƙofar baya yake shiga da baƙin tabarau. Fayil ɗinsa yana rumbun, hannuna ya yi ta ƙaiƙayi. Ban buɗe ba, kuma kada ka ce tausayi ne. So nake ya tona kansa da kansa.

Ranar da shugabannin asibiti suka kira mu taro na ɗauko kwamfutar teburin karɓa na ajiye, na shigar da tawa tsakani kamar yadda ɓarawon ya yi, na haska duk abin da zai wuce a jikin bango. Na bar Na-Iya ya gama cika baki, sannan na tura masa ita gabansa. Na ce, "Ranka ya daɗe, tunda lafiya take, rubuta lambar katinka na asibiti."

Ya dubi bango ya dube ni. Ya ce ai ya manta lambar. Babbar nas ta ce ba komai, bari ta duba masa. Sai ga mutumin nan ya kife da hannu biyu a kan madannan kwamfutar, gumi yana sauka ta cikin kwalar rigarsa. Shugabar asibiti ta tambaye shi yadda aka yi ya ɗora tsofaffin mutane a hanyar da shi ba ya iya bi. Kafin la'asar kamfaninmu ya karɓe makullan ofishinsa. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa yana cusa kayansa a kwali, ban ko ƙifta ido ba. Na ji daɗi, ba zan yi maka ƙarya ba, kuma ban yafe ba. Na mayar da saitin kan dole, na kuma sa rumbun kansa ya daina sauraron duk wanda ya zo masa a buɗe.

Da gudu na kai wa Baba labari. Yana kwance ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "To su abokan nawa, an goge musu abin da suka ji?" Ya juya fuskarsa bango.

Yaya, maganarka yake ji, tawa kuwa ta zube a wurinsa tun ranar da na dafa ƙirji. Don Allah ka kira shi, ta wayar Inna, don tasa tana cikin durowa a kashe. Katinsa na asibiti yana jakata, ina yawo da shi.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka daina turo mata hotuna kana ramewa. Ka gaida Anti da kyau, ka shafa min kan yara. Kawu da Gwaggo suna miƙa gaisuwa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri, Baba yana tsakiyarmu.

Ƙanwarka,
Mai bi maka