An Wanke Dawar Iri, An Raba Ta Gado

Assalamu alaikum, Hajiya Bahijja. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi da wuri, domin abin da na sani ya hana ni sakat, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a gidan nan. Sunayen da zan ambata duk na sauya su.

Ina aure a Tudun Wada, Zariya, a gidan yawa. Maigidana shi ne ƙarami a maza. Akwai wansa, Yaya Kailani, wanda ya zama babban gida tun da surukina ya rasu, sai ƙanwarsu Surayya da ke aure a Tudun Jukun. Baba, Allah Ya jiƙansa, ya yi aikin tsaron sito a wani wurin aikin gona tun ba a haifi mijina ba. Da ya bar aiki ya dawo gida da wani tsohon gwangwani na garin maganin iri, ja-ja haka. Kowace shekara kafin damina yakan kulle kansa a ɗakin zaure ya cuɗa irin da zai shuka a gonarsa ta Dutsen Abba da garin nan, don kada ya ruɓe a ƙasa, har da na abokan nomansa. Ba ya yarda kowa ya leƙa. Mu dai mun ɗauka rigimar tsufa ce.

Bana ya gama cuɗa dawa buhu biyu ke nan Allah Ya karɓi abinsa, ruwa bai ma sauka ba. Aka kulle ɗakin, aka ce ba mai taɓa komai sai an zo rabon gado. Kafin a zauna, lokacin shuka ya wuce. Da aka buɗe aka ga dawar, Yaya Kailani ya ce a wannan tsadar ba mai hankalin da zai zubar da abinci, kuma dukiyar magada ce, ba shi da ikon salwantar da ita. Shi fa Yaya, in ya yanke magana ko kujerar da yake kai ba ta isa ta yi ƙara ba. Ya sa aka wanke ta a manyan robobi har jan ya fita, aka shanya a tsakar gida. Ya ɗebi wata ya watsa wa kaji, aka zuba musu ido. Kaji suka ci, suka ci gaba da tononsu da saka ƙwansu. Ya ce to kun gani. Aka raba, surukata, Inna, ta samu tumuninta na takaba, kowa ya ɗauki nasa, aka aika wa Surayya nata a wanke, ba tare da an gaya mata komai ba.

Mu mukan haɗa tamu dawar da masara, wani lokaci shinkafa. Inna kuwa tana cikin takaba, ba abin da ke shiga bakinta sai kunu da tuwon dawar nan, wai ita ce ƙarshen abin da hannun Malam ya taɓa. An ɗauki lokaci lafiya lau. Sai ta fara cewa leɓɓanta da yatsunta sun yi mata dundum kamar ba nata ba. Daga nan ta fara tangaɗi in za ta kewaya, buta na suɓuce mata. Masu zuwa gaisuwa suka ce kewa ce, wasu suka ce hawan jini. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Na ce wa maigidana a kai ta asibiti, ya kai maganar gun Yaya, Yaya ya ce mai takaba ba ta fita, a yi haƙuri ta gama. Ranar da ta fita takaba ɗaukar ta aka yi zuwa keke napep, aka kai ta asibiti. Maganarta ta koma kamar ta mai barci, kuma ba ta ganin komai sai abin da ke gabanta tsaf, gefe da gefe duhu. Hajiya, matar nan ita ta koya mini tuƙa tuwon gidan yawa, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Yanzu ni ke ba ta abinci a baki, ina yi ina kuka.

Likita ya yi ta tambayar abin da take ci, har maigidana ya ambaci dawar, ya nuna masa hoton gwangwanin a waya. Likita ya ce maganin nan da zaiba aka haɗa shi, an daɗe da hana amfani da shi. Aka aika jininta wani gari, sakamako ya tabbatar. Ya ce duk wanda ya ci ya zo a auna shi. Ni da maigidana mun je, an samu a jikinmu amma bai kai na Inna ba. Yaya ma ya kwashi iyalinsa ya kai su a ɓoye. Surayya kaɗai ba a gaya wa ba. An ce mata shanyewar jiki ce ta kama Inna.

Surayya na da ciki, ya tsufa. Ta yi ɓari a baya, ta sha gori a dangin miji kafin wannan ya tsaya. Yaya ya ce in ta ji, firgita za ta sa ta rasa shi. Ya ce surukanta za su yayata cewa gidanmu sun ba ɗansu guba, auren ya mutu, a ɓata sunan Baba yana kabari, wataƙila har hukuma ta shigo. Ya ce ai nata rabon kaɗan ne, tuni ya ƙare, kuma ga ta nan garau.

Bai ƙare ba, Hajiya. Na je duba ta, ta jawo bokiti daga ƙarƙashin gado ta nuna mini. Tattalin ta take yi don albarkar mahaifinta. Tana ɗan damawa ta sha in kewarsa ta taso mata, sauran ta ajiye na kunun jego, kuma ta yi niyyar ranar suna ta dama ta raba wa maƙwabta sadaka ga Baba. Ta miƙo mini kofi, na ce azumi nake. Na yi dabara na ce tamu ta ƙare ta ba ni tata, ta yi dariya ta ce na cika kwaɗayi, ta auna mini tiya ɗaya ta mayar da bokitinta. Na karɓa na koma gida.

Na faɗa wa maigidana. Ya ce shi ba zai tsallake maganar wansa ba, ni kuma bare ce a wannan magana, in na buɗe baki na raba zumunci, kada in yi kuka da kowa. Na gane abin da yake nufi. Ina son aurena, ina da 'ya'ya a gidan nan, amma wallahi haushinsu duka nake ji. Gwangwanin kuma yana nan a ɗakin zaure, Yaya na shawarar ko a jefa shi masai ko a ƙone shi a bola. In faɗa wa Surayya, ko in bar wa masu gida gidansu? In na faɗa cikin ya zube, ina zan sa kaina?

Surukar gida, Tudun Wada.

Wa alaikumus salam, 'yata. Na tura miki wannan amsa ta lambar da saƙonki ya zo tun ranar da na karanta shi, domin ba maganar jira ba ce. Na buga ta a nan ne saboda wasu gidajen.

Ki faɗa mata. Surayya ta daina shan dawar nan yau, likita kuma ya gan ta gobe.

Na tambayi masana kafin in amsa miki. Zaibar da aka haɗa a irin wannan magani ta fi wadda muka sani a tsohon ma'aunin zafin jiki haɗari nesa ba kusa ba. Tana shiga ta ciki, ta fata, ta numfashi, ta wuce ƙwaƙwalwa. Jan da kuka wanke rini ne kawai da aka sa don gargaɗi, gubar tana nan a jikin ƙwayar, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Ba ta nuna kanta da wuri, sai bayan makonni ko watanni, shi ya sa kaji suka yaudare ku. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tana ratsa mahaifa, kuma ta fi yi wa ɗan tayi illa fiye da uwar. Uwa na iya zama garau alhali na cikin yana cutuwa. Don haka lafiyar da Yayanku ke gani a fuskar Surayya ba hujja ba ce.

Ban ɗauki Yaya Kailani mugu ba. Mutum ne da ya so tsare haƙƙin magada a lokacin tsada, ya yi kuskure, yanzu yana kallon mahaifiyarsa yana jin nauyin da ba ya iya furtawa. Tsoronsa game da surukai ma ba ƙarya ba ne, za a yi surutu. Amma kuskuren farko rashin sani ne, wannan shirun kuwa da sani ake yin sa. Ya kai nasa 'ya'yan awo, ya bar ƙanwarsa. In kunun nan ya zagaya unguwa ranar suna, abin da yake gudu zai same shi ninki, da rayukan mutane a kai. Sunan Baba kuwa, mutumin da ya shekara da shekaru yana kulle ƙofa don kada ku kusanci garin nan, ba shi ne zai so a rufe maganar ba.

Ki sake samun maigidanki cikin ladabi ki gaya masa za ki je, kina so ku tafi tare, domin ya fi kyau ta ji daga bakin ɗan uwanta. Ki nemi wani babba da Yaya ke jin nauyinsa, kawu ko limamin da ya raba gadon, ya shiga maganar. Shi ma zai tabbatar musu cewa takaba ba ta hana mace fita neman magani. Amma kada ki jira su shirya. In sun ƙi, ki je, ki fara da mijin Surayya, ku ɗauke ta zuwa wurin likitan da ke duba Inna, a yi mata bayani a gabansa. Hakan zai rage firgitar da kike tsoro. Ba zan ce miki aurenki ba zai girgiza ba. Zai iya. Fushin miji ana lallashin sa, abin da gubar nan ta ɓata a ƙwaƙwalwa kuwa sau da yawa ba ya dawowa, ko da akwai magungunan da ke rage ta a jini.

Gwangwanin, kada a buɗe, kada a shinshina, kada a taɓa da hannu, ko da an sa siririyar safar hannu ta roba, don ba a dogara da ita a nan. Ƙona shi zai mai da shi hayaƙin da unguwa za ta shaƙa, masai ko kwata kuma za su kai shi rijiyoyinku. A bar shi inda yake, kada a share ɗakin, a kulle, likita ya haɗa ku da jami'an lafiya da na muhalli su zo su ɗauka. Ragowar dawar, har tiyar da ke hannunki, da buhunan da robobi da tabarmin shanya, a ɗaure a ajiye musu. Ku nuna musu inda aka zubar da ruwan wankin, ku gaya wa mai injin da ya niƙa muku. Kajin da ƙwansu ba na ci ba ne, ba na sayarwa ba ne. Manja da madara da muke ɗura wa wanda ya sha guba ba sa komai a nan. 'Ya'yanki ma, da mijin Surayya, da duk wanda ya taɓa sa hannu a kwanon, a auna su. Batun shayarwa bayan haihuwa a bar wa likita.

Abu na ƙarshe. In Surayya ta ji, za ta kalle ki ta tambaye ki ko ɗanta lafiya yake. Kada ki yi mata ƙarya, wadda aka yi mata ta isa. Ki ce ba ki sani ba, ba kuma wanda ya sani tukuna, amma daga yau ba abin da zai ƙaru a kansa. Sannan ki zauna da ita, kada ki yi saurin tafiya gida.

Allah Ya ba Inna sauƙi, Ya sauki Surayya lafiya, Ya tsare abin da ke cikinta, ke kuma Ya ƙarfafa zuciyarki Ya riƙe miki gidanki.

Hajiya Bahijja